Zaren da Ya Rasa Masaƙi

A wata unguwa da ke bayan ganuwa, a ɗaya daga cikin manyan biranen ƙasar Hausa, akwai wani dattijo da ya ba shekara 70 baya, wanda ya yi aikin jami'a har ya ajiye. A ƙarƙashin gadonsa akwai tsohuwar adaka, a cikin adakar kuwa, can ƙasan takardun gida da rigunan da ya daina sawa, akwai wani faifai na roba mai faɗin inci 10 da rabi, watau kamar babban faranti. An naɗe masa wani zare mai ruwan ƙasa, faɗinsa rabin inci, tsawonsa kuwa in da za a warware shi zai kai ƙafa 2,400. A jikin faifan an manna 'yar takarda, an rubuta shekarar 1981 da biro, tare da sunan wani malami wanda Allah Ya yi wa rasuwa tuntuni.

Jikokinsa sun ɗauka fim ne irin wanda masu majigi suka riƙa yawo da shi ƙauyuka a da. Uwargidansa kuwa ta sha faɗa masa ya ba 'yan gwangwan ya huta, tun da abin ba a ci ba a sha. Shi dai amsarsa ɗaya ce kullum: ajiya ce, mai ita bai ce a zubar ba. Gaskiyar al'amari, faifan nan tef ne na kwamfuta, kuma yana ɗauke da wahalar shekara uku ta wani masanin Hausa. Abin ban tausayi shi ne, duk faɗin birnin nan babu mai iya karanta abin da ke ciki a yau, har shi kansa dattijon da ya rubuta shi da hannunsa. Kafin mai karatu ya gane yadda aka yi rubutu ya gagari marubucinsa, sai an ɗan koma baya.

A shekarun 1950 kwamfuta ɗaki guda take cikawa, kuma in ba gwamnati ko hamshaƙin kamfani ba, babu mai iya sayenta. A shekarar 1957 wasu injiniyoyi biyu, Ken Olsen da Harlan Anderson, suka kafa kamfanin Digital Equipment Corporation, wanda aka fi sani da DEC, a cikin ginin wata tsohuwar masaƙar ulu a garin Maynard na jihar Massachusetts a Amurka. A 1965 suka fito da PDP-8, wadda kuɗinta bai kai dala 20,000 ba, sa'an nan a 1970 suka biyo ta da PDP-11. Irin waɗannan su aka yi wa laƙabi da ƙananan kwamfutoci, ko da yake in an haɗa guda da kayan aikinta takan kai girman kabad biyu ko uku. Ƙanƙantarta da ta gabanta ake aunawa, kamar yadda akan ce wa ɗan giwa ƙarami. Saboda sauƙin kuɗinsu ne sassan jami'o'i da ɗakunan bincike a ƙasashe da dama suka sami damar mallakar tasu.

To, amma ƙaramar kwamfuta cikinta ƙarami ne. Aikin da aka ɗora wa PDP-11 ba ya iya kaiwa ga fiye da haruffa 65,536 kai tsaye a lokaci guda, faifan ajiyarta kuma irin RK05 abin da yake ci bai wuce haruffa miliyan 2 da rabi ba. Saboda haka duk abin da ake so ya daɗe, ko ake so a aika wa wata jami'a ta gidan waya, sai a juye shi a tef. Tef shi ne rumbu, shi ne kuma ɗan aike.

Asalin dabarar daga Jamus take. A 1928 Fritz Pfleumer ya yi rajistar hikimar shafa garin tsatsar ƙarfe a kan doguwar takarda domin ta riƙe murya ta hanyar maganaɗisu, a 1935 kuma kamfanin AEG ya nuna rikodarsa ta farko a Balin. Masu kwamfuta suka ara. UNIVAC ta 1951 da zaren ƙarfe ta yi aiki, IBM ya zo da na roba a 1952, kāna a 1964 ya fito da tsarin layi tara, wanda ya zama kamar mudun kasuwa, kowa da shi yake awo, har da masu ƙera ƙananan kwamfutoci. Duk da haka ba shi kaɗai ba ne a fage. DEC yana da nasa ɗan ƙaramin faifai mai suna DECtape, wanda ke shiga aljihu, zarensa ya ɗara na wancan faɗi, ana kuma rubuta kowane ɗigo sau biyu a kansa don gudun ɓacin rana. Na'urar wannan ba ta karanta wancan, na'urar wancan ba ta karanta wannan. Tun daga nan ke nan ajiya ta soma zama mai makullai da yawa.

Dattijon nan yana saurayi ya shiga wannan duniya. Ya gama makarantar koyon sana'a, ya kuma ɗan taɓa gyaran rediyo da rikoda a rumfar kawunsa a kasuwa, sai a 1977 aka ɗauke shi aiki a ɗakin kwamfuta na wata jami'a, inda aka girka PDP-11 da na'urar tef samfurin TU10. Ɗakin kullum cikin sanyi yake, tagoginsa a liƙe, kuma a bakin ƙofa ake tuɓe takalmi, domin ƙwayar ƙura ɗaya in ta shiga tsakanin zare da kan da ke karanta shi, ta isa ta ɓata rubutu. Da hunturu, lokacin da hazo ke rufe gari, sau biyu yake goge kan na'urar da auduga da sifirit, da safe da kuma bayan azahar. Har yau yakan ce ƙanshin sifirit ba ya tuna masa asibiti, ɗakin nan yake tuna masa.

In an tambaye shi yadda na'urar ke aiki, sai fuskarsa ta washe, ya gyara zama. Faifai biyu ne, in ji shi, mai bayarwa da mai karɓa, zaren kuwa yana bi ta kan wani ɗan ƙarfe mai santsi wanda shi ne alƙalami, shi ne kuma ido. Wata 'yar ganga ce ke jan zaren, inci 45 cikin sakan guda, tana tsayawa tana tashi sau da yawa kafin mutum ya ƙifta ido. Faifai cike da zare kuwa nauyi gare shi, ba ya iya irin wannan zabura, in aka matsa masa sai zaren ya tsinke. Maganin da aka yi shi ne waɗansu dogayen ramuka biyu masu murfin gilashi, inda famfo ke zuƙe iska, zaren ya lanƙwasa ya faɗa ciki kamar igiyar guga a rijiya. Daga wannan rarar 'yar gangar ke ja, su kuwa faifan su biyo baya a hankali. Yakan kwatanta abin da kunkurun masaƙi, wanda ke riƙe zaren tsaye kada ya yi sako-sako, kada kuma ya tsinke.

Rubutun kansa ido ba ya ganinsa. Kowane harafi ɗigo tara ne na maganaɗisu, jere a faɗin zaren, kowane ɗigo ko dai ɗaya ko sifiri. Takwas su ne harafin, na taran kuwa shaida ne, aikinsa ya sa adadin masu ɗaya ya zama mara kullum. In na'ura ta ƙirga ta ga cika, ta san ɗigo ya ɓace, sai ta koma baya ta sake karantawa. A kowane inci tasu na'urar tana jera haruffa 800. Waɗansu na'urorin suna yin 1,600, daga baya aka kai 6,250, inda faifai guda kan ɗauki haruffa wajen miliyan 170. Tsakanin kowane gungun rubutu da mai bi masa ana barin fili kamar inci 0.6, wurin da zare zai tsaya ya sake tashi. Wanda bai san kan aiki ba, in ya rubuta haruffa 80 kawai a kowane gungu, rubutunsa zai ci kashi ɗaya cikin goma na inci, filin banza ya ci kashi shida, faifan da ya isa ya ɗauki haruffa miliyan 20 ya cika da miliyan 3 da 'yan kai.

Akwai kuma zobe. A bayan kowane faifai an yi wani kwarmi, inda ake cusa zoben roba. In zoben yana ciki, na'ura tana iya rubutu a kan zaren, tana kuma iya shafe abin da ke kai. In an cire shi, sai karatu kawai. Dokar farko da aka koya wa saurayin ita ce, duk faifan da aka gama rubutawa a cire masa zobe nan take, domin yatsa ɗaya in ya kuskure, aikin shekara ya tafi cikin minti 11, watau lokacin da zare kan ɗauka ya wuce daga farko zuwa ƙarshe.

Ana nan, wata rana sai ga wani malami daga sashen Hausa ya yi sallama a ƙofar ɗakin, da takalminsa a hannu. Tun 1978 malamin nan yake bin masaƙa da marina da tsofaffin mata masu kaɗi, gari gari, yana rubuta kalmomin sana'arsu a 'yan guntayen takardu: allera da masefi da ƙoshiya da kwarkwaro, wadari da abawa da mazari, katsi da shuni, da ɗaruruwan waɗansu da ba kowane ƙamus ya kawo su ba. Ya lura yadin kanti yana korar saƙi, masu sana'ar suna tsufa, 'ya'yansu kuma sun kama wata hanya. Ya ji an ce kwamfuta tana jera kalmomi bisa tsarin abacada cikin ɗan lokaci, tana kuma iya ware na kowane gari daban. Shi ne ya zo neman taimako.

Nan suka ci karo da matsalar da duk ɗalibin Hausa zai gane. Kalmomin sai an huda su a kati tukuna, kowane kati gurbi 80, na'urar huda katin kuwa manyan baƙaƙen Turanci kawai ta sani. Tsarin haruffan da kwamfutar ke aiki da shi, wanda ake kira ASCII, gurbi 128 gare shi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ a cikinsu. Ba su sami mazauni na kowa da kowa ba sai da tsarin Unicode ya fito a 1991. A wurin na'urar nan, kafa da ƙafa ɗaya ne, baki da baƙi ɗaya ne, bata da ɓata ɗaya ne. Sai malamin da saurayin suka zauna suka ƙulla yarjejeniya tsakaninsu. Baƙi mai ƙugiya a bi shi da tauraro. Dogon wasali a rubuta shi sau biyu. Karin sauti a nuna shi da lamba bayan gaɓa, 1 na sama, 2 na ƙasa, 3 mai faɗuwa. Gurbi 20 na farko na kalma ne, biyu masu bi musu lambar garin da aka ji ta, biyu kuma lambar sana'a, sauran na ma'ana. Malamin ya rubuta wannan duka a wani ɗan littafi da yake sawa a aljihu.

Wata da watanni suka yi suna wannan aiki da yamma, bayan an tashi daga ofis, har katin ya cika akwati shida, kowane akwati kuwa kati 2,000 yake ci. A 1981 aka juye su duka a tef, faifai biyu. Ɗaya aka rataye a ma'ajiyar ɗakin kwamfuta. Ɗayan kuwa saurayin ya cire masa zobe ya miƙa wa malamin, sai malamin ya mayar masa, ya ce, "Riƙe mini wannan a wurinka, kai ka fi ni sanin yadda ake kula da shi. Ajiya maganin wata rana." A lokacin dukansu biyu sun sakankance cewa kalmomin nan sun tsira. Takarda gara na ci, wuta na ci, ruwa na ci, amma ga su yanzu sun shiga ƙarfe da maganaɗisu.

Abin da ya biyo baya bai zo da hayaniya ba, a hankali ya zo, kamar yadda zaizaya kan ci gindin katanga. Daga 1986, da darajar naira ta faɗi, sabon tef ya zama sai wane da wane. Aka shiga ɗauko tsofaffi ana mai da musu zobe, faifan da ke rataye a ma'ajiya ya bi sahu, aka rubuta sakamakon jarrabawa a kansa. Kada mai karatu ya yi saurin zargin kowa, domin hukumar NASA ta Amurka da kanta ta bayyana a 2009 cewa, bisa ga dukkan alamu, tef ɗin asali na saukar ɗan Adam a kan wata a 1969 an shafe shi an sake amfani da shi. Akwatunan kati aka kai su sito, gara ta yi musu aikin da aka san ta da shi. Na'urar tef ta lalace, kayan gyara suka gagara, ta yi shekaru a lulluɓe, daga bisani aka auna ta a sikeli aka sayar. Kamfanin DEC ma kansa Compaq ya saye shi a 1998, a farkon shekarun 2000 kuma aka daina ƙera tef mai layi tara da na'urorinsa. Malamin ya rasu bai kai ga buga aikin ba, guntayen takardunsa da ɗan littafinsa suka salwanta wajen tashi daga gidan ma'aikata. Ya rage saura faifai ɗaya, a cikin adaka.

Bayan shekara 40 da 'yan kai, wata ranar Asabar da hantsi, aka yi sallama da dattijon. Ya fito zaure ya tarar da wani saurayi wanda bai taɓa gani ba, amma goshinsa da tsayuwarsa sun isa gabatarwa. Autan marigayi ne, yana karatun digiri na biyu a sashen da mahaifinsa ya koyar. Ya ga wani layi a tsohon kundin mahaifinsa da ke cewa kwafe ɗaya yana hannun wane, shi ne ya yi ta cigiya har aka kwatanta masa gidan. Bayan sun gaisa, sun yi wa mamaci addu'a, dattijon ya shiga ya ɗauko faifan, ya ɗora masa a cinya da hannu biyu.

Saurayin ya juya shi, ya ce, "Baba, Allah Ya saka da alheri. Gobe sai in kai wa masu kwamfuta su juye mini a waya."

Dattijon ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce, "Ɗana, da haka abin yake da sauƙi da ban bari mahaifinka ya rasu bai gani ba. Ƙofar nan kwaɗo uku gare ta, mabuɗi ɗaya kawai ya rage a garin nan, shi ma ya soma tsatsa."

Ya shiga lissafa masa. Kwaɗo na farko lafiyar zaren. Garin ƙarfen da ke riƙe rubutu da wani irin danƙo aka manna shi a jikin roba, danƙon nan kuwa yana shan laima shekara da shekaru har ya yi kaɓri. Tef da yawa na shekarun 1970 da 1980 sun kamu da wannan cuta. In aka ɗora irinsa a na'ura haka nan, sai garin ya kankare ya manne a kan da ke karatu, rubutu ya tafi har abada. Masana sukan gasa shi tukuna a zafi kaɗan, wajen digiri 50 zuwa 55, na sa'o'i masu yawa, a tanda ta musamman wadda zafinta ba ya hawa ba ya sauka, sa'an nan ya karantu na ɗan lokaci. Faifan nan ya ga damina sama da 40 a ƙarƙashin gado. Mai yiwuwa karatu ɗaya ya rage masa, saboda haka ba a ba wanda zai koyi aski a kansa.

Kwaɗo na biyu na'ura. Ita PDP-11 ba ta da wuya yanzu, domin akwai manhaja mai suna SIMH, wadda Bob Supnik ya fara, da ke sa kwamfutar zamani ta kwaikwayi tsohuwar sak. Amma kwaikwayo ba ya taɓa zare. Dole sai an sami kai na gaske mai layi tara, da 'yar ganga wadda robarta ba ta narke ba, da famfo mai zuƙar iska, da kuma mutumin da ya san yadda ake daidaita su. Irin waɗannan sun rage a gidajen tarihi, da waɗansu kamfanonin ceto bayanai, da hannun 'yan tsirarun masu sha'awa, galibinsu a Amurka da Turai.

"Na ukun fa, Baba?"

Dattijon ya nuna kansa da yatsa. Ya ce ko da zare ya yi lafiya, ko da na'ura ta samu, abin da zai fito jerin manyan baƙaƙe ne da taurari da lambobi. Mai ilimi zai iya cankar tauraron da dogon wasali, watakila har da karin sautin. Amma wa zai gaya masa 07 wane gari ne? Kalmar sana'a kuwa in an raba ta da garinta, rabin amfaninta ya tafi, tun da abin da marigayi ya fi so ya nuna shi ne yadda masaƙin wannan gari da na wancan suke kiran abu ɗaya da suna biyu.

Saurayin ya koma makaranta jikinsa a sanyaye, amma bai zauna ba. Cikin bincikensa ya ci karo da labari biyu da suka ƙarfafa masa gwiwa. A 1966 da 1967 kumbunan Lunar Orbiter sun ɗauki hotunan wata, aka adana saƙonninsu a tef wajen 1,500. Wata ma'aikaciyar adana kayan tarihi mai suna Nancy Evans ta hana a zubar da su, ta kuma nemo tsofaffin na'urorin Ampex FR-900 ta ajiye a gidanta shekara da shekaru, da yake ta gane tef ba na'ura bebe ne. A 2008 waɗansu suka tayar da ɗaya daga cikinsu, da taimakon waɗanda suka san ta tun da can, hotunan suka fito tangaran fiye da yadda duniya ta gan su da fari. Na biyun ya fi kusa da nasa. A 2025 an tsinci wani faifai mai layi tara a wani sito na Jami'ar Utah, ɗauke da fitowa ta huɗu ta tsarin Unix, ta 1973, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka gina a Bell Labs a kan PDP-11. Aka kai shi gidan tarihin kwamfuta da ke Mountain View a Kalifoniya, inda Al Kossow ya ɗauko ɗanyen motsin maganaɗisun daga zaren, wata manhaja ta Len Shustek ta mai da shi haruffa. Faifan ya girmi na adakar dattijo, ya kuwa karantu.

Da ya kawo wa dattijon wannan albishir, sai dattijon ya ce, "To, madalla. Kwaɗo biyu suna da masu buɗe su, ko da a bangon duniya suke, kuma za su jira ka. Na ukun ne ba shi da tabbacin kwana. Je ka sayo littafin rubutu."

Asabar uku suka yi a zaure. Dattijon yana faɗa, saurayin yana rubutawa: layi tara, haruffa 800 a inci, gurbi 80 ga kowace kalma, kati goma goma a kowane gungu, tauraro, wasali biyu, lambobin karin sauti, lambobin sana'a. Da aka zo kan garuruwa sai tafiya ta yi nauyi. Garuruwa 13 ne. Tara suka zo masa nan da nan, biyu sai da ya kwana ya tashi, yana tuna irin tsarabar da marigayi kan kawo masa daga kowane. Biyu kuwa sun ƙi zuwa. Ya rufe ido, ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa, sa'an nan ya ce a bar gurbinsu fili. Da an zo shekara goma da suka wuce, in ji shi, da duka suna nan. Saurayin bai ce kome ba, ya ja layi biyu ya bar su.

Akwai abin lura a nan ga duk wanda ya taɓa shiga ɗakin karatu na sashen Hausa. Ƙamusun Bargery na 1934 yana nan a kan kanta, ɗalibin shekarar farko yana iya buɗe shi yau ba tare da izinin kowace na'ura ba. Rubuce-rubucen ajami na zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Nana Asma'u sun kai shekara 200 ko kusa da haka, wanda ya yi makarantar allo da ta ilimi yana karanta su da idonsa da hasken rana. Rubutun da aka yi a 1981 da na'urar da ta fi kowace tsada a jami'a, shi ne ya riga su makancewa. Tawada ido kawai take bukata. Maganaɗisu kuwa yana bukatar zuriya guda ta na'urori da ma'aikata da kayan gyara, in ɗaya ya faɗi sauran sun zama gumaka.

Kada kuma a ce wannan ciwon jiya ne. Tef bai mutu ba, har yanzu manyan ma'ajiyoyin bayanai na duniya suna zuba ajiyarsu a kansa. Samfurin LTO-9 da ya fito a 2021 yana ɗaukar abin da faifan dattijo dubu ɗari takwas ba za su ɗauka ba, amma na'urarsa ba ta karanta kome sai nata da na wanda ta gada, watau LTO-8. Nan kusa kuma, sassan harsuna da gidajen rediyo da dama suna da kwalaye cike da faifan rikoda da kaset, masu ɗauke da muryoyin makaɗa da maroƙa da masu tatsuniya da malaman da suka daɗe da kwanta dama. Danƙon da ya manne garin ƙarfe a zaren kwamfuta, irinsa ne a nasu. Rikodar da za ta juya su tana ƙara wuya kowace shekara, wanda ya san muryar wa ke cikin kaset ɗin da ba a rubuta wa suna ba kuwa, shi ma yana tsufa. Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ruwan a nan abu uku ne: a juye tun na'ura tana motsi, a yi kwafe fiye da ɗaya a wuri fiye da ɗaya, a kuma rubuta bayanin kowane a takarda tun masu sani suna da rai.

Har zuwa yau ba a karanta faifan ba. Saurayin yana rubuta wasiƙu, yana neman wanda zai karɓa da kuma wanda zai kai shi hannu da hannu, domin dattijon ya hana a sa shi a gidan waya. Babu wanda ya san ko kalmomin masaƙan nan suna nan, ko laima ta riga kowa. Abin da ya sauya shi ne, faifan ya bar ƙarƙashin gado ya koma ɗaki mai sanyi, a tsaye kamar yadda ake ajiye irinsa, an kuma yi wa littafin hoto an rarraba wa malamai uku. Asalin littafin yana ɗaure a jikin murfin da tsumma. A shafinsa na farko dattijon ya karɓi biro ya ƙara layi ɗaya da hannunsa, wanda yanzu yake ɗan rawa: kada a mai da masa zobe.